Gahawar da Ta Ɗaure Alhaji Ilu a Jidda

Ranar Talata da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ina zaune a kan benci a ƙofar shagon Laminu tela, tare da shi Laminun da Idi mai gyaran rediyo da wasu mutum biyu da suka zo karɓar ɗinki, aka sake yi mini tambayar da ake ta yi tun da na dawo: wai me ya faru a Jidda? Idi ya ji an ce Shugaba, wato Alhaji Ilu, ya yi kuka. Laminu ya ji an ce ya sayar da jam'iyya a kan farantin shinkafa. Na ce musu na daina ba da labarin nan gutsure-gutsure a bakin hanya. Na yi shekaru ina kula da layin yara a makarantar kwana, kuma na san in ba a bi layi ba, hayaniya ake ci, ba tuwo ba. Don haka zan rubuta shi sau ɗaya, daki-daki.

Da farko, ga wanda bai san mu ba. Jam'iyyarmu ƙarama ce, ba ta gwamnati ba ce, ba ta adawa ba ce, kuma shugabanta Alhaji Ilu. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki, gari ya rabu biyu, 'yan Eh da 'yan A'a, har aka daina zuwa sunan juna. Alhaji Ilu ya ce kowa ya jefa abin da zuciyarsa ta ba shi, shi kuma bai faɗa wa kowa abin da ya jefa ba. Eh ta ci, wato ɓangaren gwamnati. Yanzu gwamnati tana kiran ƙananan jam'iyyu su shigo, adawa ma tana kira, babban taronmu kuma yana tafe, inda za a yanke wannan, a kuma duba ko Alhaji Ilu zai ci gaba da zama a kujerarsa. Ana cikin haka ya ce zai tafi umra ya huta da tambaya, ya ce in raka shi domin ni ne mai tsara masa zama.

Mun tashi daga Damagaram a motar haya. Kafin mu kai Matamaye gardama ta tashi kan taga. Wani dattijo a gaba yana so a rufe, wata mata a baya tana so a buɗe, aka ce ga Shugaba ya raba. Ya sa aka buɗe rabi. Iskar ba ta kai ga matar ba, amma ta ɗauke hular dattijon, sai da aka tsaya aka koma ɗaukowa. Daga nan har kan iyaka su biyun suka shirya, suna ta zagin tagar tare.

A Ɗan Barto ma'aikacin da ya karɓi fasfo ya gane Alhaji. Ya ɗaga hatimi ya tsaya da shi a sama, ya rage murya ya ce, tsakani da Allah, Shugaba me ya jefa? Alhaji ya ce ya jefa abin da zai amfani ƙasa. Mutumin ya buga hatimi ya ce shi da matarsa ba su ci abinci a kwano ɗaya ba tun ranar ƙuri'ar, kuma kowannensu yana rantsuwa Alhaji Ilu nasa ne. Alhaji ya yi masa addu'ar zaman lafiya, muka wuce Daura, muka kwana Kano a gidan wani ɗan'uwansa a Fagge, inda sauro bai tambayi kowa abin da ya jefa ba.

A jirgi ba ni da ƙorafi sai ɗaya: mutanenmu suna miƙewa su fara sauke kaya tun jirgi bai gama tsayawa ba. Na yi magana, ba a ji ba. A filin jirgin Jidda kuwa na ga layi irin wanda nake so, kowa a bayan wani, babu mai cewa shi ɗan wane ne. Daga nan muka wuce Makka muka yi abin da ya kawo mu. Wannan ba wurin wasa ba ne, kuma ba zan ce komai ba sai dai Allah ya kai wanda bai je ba.

Bayan umra muka dawo Jidda, muka sauka a unguwar Balad, tsohon gari, a gidan Hajiya Zulai. 'Yar kawun Alhaji ce, wato abokiyar wasansa, ta daɗe a can tana saukar da baƙi. Gidan dogo ne, na tsohon dutsen teku, tagoginsa na katako, matakalarsa kuma in ka kai sama sai ka zauna ka tuna abin da ya hau da kai. Na'urar sanyaya ɗakinmu hali biyu gare ta: ko ta kashe ka da sanyi, ko a kashe ta zafi ya kashe ka. Alhaji ya tambaya ko ana iya sa ta tsaka-tsaki. Hajiya ta ce, "Ilu, wannan ba 'yar jam'iyyarku ba ce."

Abincin safe sunansa ful, wato wake da aka dafa aka dama har ya manta shi wake ne, a zuba mai, a ci da wata faffaɗar gurasa mai suna tamis. Kwana biyu na ƙi, a na uku na nemi ƙari. Maza suna gaisuwa da haɗa kumatu, abin da ban yarda na koya ba. Magen unguwar sun fi na gida ƙiba, ba sa kuma matsawa don mutum. Kowace magana ana rufe ta da halas, wato an gama, ana kuma buɗe kowace tafiya da yalla, wato mu tafi.

A kasuwar Bab Makka, inda ake sayar da yadi da abinci, in ka rufe ido sai ka ce kana gida. Ga tuwo da miyar kuka, ga masu Hausa da Larabci a haɗe, ga masu Hausa da Faransanci, ga samarin da aka haifa can, waɗanda suke jin duk abin da ka ce amma su mayar maka da Larabci. Nan aka gane Alhaji. Mai yadi ya bar yadi, mai dako ya ajiye kaya, kowa da tambayarsa. Na fara jera su yadda ya kamata, na farko a nan, na biyu a bayansa. Wani ya ja hannuna ya ce in daina. Ya ce a ƙasar nan ba a taron siyasa, kuma da yawa daga cikinsu ba su da iƙama, takardar izinin zama, don haka layi a bakin titi kiran ido ne. Na watsa layin da hannuna, abin da ban taɓa yi ba.

Kada wani ya ce ai waɗannan suna nesa, me ruwan kujerar Shugaba da su. Kowane ɗayansu yana ciyar da gida guda a nan, kuma gidan da ake ciyarwa yana sauraron waya kafin ya ɗaga hannu a taro. Alhaji ya san haka. Da Hajiya ta ce a kira su walimar baƙi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, bai ce a'a ba, amma dai shi ba mai cewa a'a ba ne.

Suka zo suka cika falo. 'Yan Eh suka zauna dama, babbansu Alhaji Gambo mai yadi a Bab Makka. 'Yan A'a suka zauna hagu, babbansu Isufu, direban wani gida a Abhur, can arewa bakin teku inda masu hali suke. Babu wanda ya ce su zauna haka. Shugaba ya zauna tsakiya a ƙarƙashin na'urar sanyaya falon, ta bakin Hajiya, inda Allah ya halicce shi.

Ni aka ba zuba gahawa, Hajiya ta koya mini da safe. Buta a hannun hagu, finjali, ɗan ƙaramin kofin gahawa, a dama. A fara da babba. Kada a cika, domin cika finjali a can kamar cewa ne sha ka tashi, alhali a gida rabin kofi rowa ce. In mutum ya ƙoshi zai girgiza finjalin. Na bi wannan tsari ban kuskure ba. Sai na ga Alhaji Gambo ya karɓi nasa ya ajiye a ƙasa gabansa bai kai baki ba. Na zo kan Isufu, shi ma ya ajiye. Na leƙa butar ko ƙuda ya faɗa. Babu komai. Na sunkuya na faɗa wa Shugaba cewa mutum biyu sun ƙi sha.

Shugaba ya ce, "Alhaji Gambo, bismilla mana."

Gambo ya ce, "Da buƙata na zo, Shugaba. Ba na sha sai an ce ta biya."

"Ai ta biya. Ko mece ce, sha."

Ku da kuka san Alhaji Ilu kun san wannan maganar. Ita yake faɗa wa mai neman taki da mai neman aiki da mai neman a raba shi da surukinsa. A gida gaisuwa ce. Gambo ya ɗaga finjali ya shanye, mutanensa na dama suka ce halas. Shugaba ya juya hagu, don ba ya barin gefe ɗaya ya fi ɗaya, ya ce wa Isufu shi ma tasa ta biya, ya sha. Isufu ya dube shi ya daɗe, sa'an nan ya sha. Daga bayan labule aka ji Hajiya tana dariya har da tari.

Sai kowa ya faɗi buƙatarsa. Gambo ya ce jam'iyya ta shiga gwamnati. Ya ce jikokinsa a Jidda aka haife su, ba su da takardar can, ba su da ta gida, ba makaranta ba asibiti sai da roƙo, kuma irinsu sun cika unguwa. Yana son nasu ya zauna inda ake sa hannu. Isufu ya ce kada jam'iyya ta shiga. Ƙauyensu, Rijiyar Kuka, A'a suka jefa, kuma tun daga lokacin aikin famfon da aka fara ya tsaya, yayansa malamin makaranta aka ɗauke shi aka kai wani wuri mai nisa, uwarsu tana jan guga da tsufanta. Ya ce in Shugaba ya shiga ya zauna da waɗanda suka yi haka, da wane baki shi Isufu zai ce wa gidansu su ɗaga masa hannu?

Shugaba ya ce duka maganganun biyu masu nauyi ne, za a kafa kwamiti. Aka kawo shinkafa da rago a babban faranti, aka ci, aka watse biyu-biyu don kada a ga taro.

Bayan sun tafi Hajiya ta fito ta yi mana karatu. Al'adar Larabawan ƙauye ce, Gambo ya koya a wurin tsohon kafilinsa, wato ubangidan da yake riƙe da takardar zamansa, Isufu kuma ya ji labarin Gambo zai yi, ya ce ba za a riga shi ba. Baƙo in ya ajiye finjali, mai gida yakan tambayi buƙatar tukuna, ya auna, kafin ya ce a sha. In ya ce a sha, ya ɗaure kansa a gaban shaidu, wanda ya saɓa kuwa ba a ƙara zuba masa, ba a ƙara shan tasa. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini da safe ba, ai da na sa shi a cikin tsari. Ta ce ita zuba ta koya mini, ba ta san akwai mai amsawa kafin a tambaye shi ba. Shugaba ya sake ambaton kwamiti. Ta ce, "Ilu, kwamiti ba ya shan gahawa. Kai ka ce a sha."

Kafin magariba waya ta fara kuka. Daga gida ake kira. Wasu suna barka da shiga gwamnati, wasu suna barka da ƙin shiga, duk sun ji daga Jidda cewa an yi halas. Shugaba ya kife wayar. Ban ga ya yi kuka ba, Idi ya gyara labarinsa, amma tuwon da Hajiya ta aiko ya koma yadda ya zo.

Washegari da hantsi ya ce in tsayar da tasi, Abhur za mu. Hanyar doguwa ce, gidajen can kuma katangarsu ta fi ta gidan yari tsawo. Ɗakin Isufu yana jikin ƙofar gidan, katifa ɗaya, murhun gas, da makullan mota a rataye. Ya yi mamaki, ya kakkaɓe katifa, ya ɗora gahawa. Ya zuba mini na sha. Ya zuba wa Shugaba. Shugaba ya karɓa ya ajiye a ƙasa gabansa.

Isufu ya dubi finjalin ya ce, "Ranka ya daɗe, ka koya da wuri. Mece ce buƙatar?"

"Ka sake ni daga maganar jiya. Zan nemi jam'iyya ta shiga."

Na daɗe tare da Alhaji Ilu, ban taɓa jin ya faɗi magana gajera haka ba. Ya ƙara da cewa takardun yara da famfon Rijiyar Kuka duk a ɗaki ɗaya ake sa musu hannu, kuma wanda yake waje sai dai ya yi ihu ta taga. Ana haka wayar Isufu ta yi ƙara, uwargidan tana son a kai ta kanti. Ya ɗauki makulli ya fita, bai ce a sha ba, bai ce kada a sha ba.

Muka zauna. Gahawa ta huce. Aka kira azahar muka yi salla a ɗakin. Na ce, ranka ya daɗe, wannan ba tsari ba ne, shugaban jam'iyya ba ya zaman jiran direba, mu tafi mu aiko. Ya ce, "Malam Habu, mutumin nan ya fi shekara yana jirana." Wata mage ta shigo ta nufi finjalin, na kore ta, wannan shi ne aikin da na yi a Abhur.

La'asar ta kusa Isufu ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi finjalin, yana nan yadda ya bar shi. Ya rataye makulli ya zauna, ya ce yana da tambaya ɗaya kafin ya yanke, kuma ba ya son a ambaci amfanin ƙasa.

"Me ka jefa?"

Shugaba ya ce, "A'a na jefa."

Isufu ya ce to me ya hana shi faɗa? Shugaba ya ce ya ji tsoron rabin jam'iyya ya tafi. Isufu ya ce su kuma a Rijiyar Kuka sun faɗi tasu a fili, famfo ya tafi. Sa'an nan ya kafa sharaɗi. Kafin babban taro, Shugaba ya je Rijiyar Kuka ranar kasuwa, ya tsaya kusa da famfon da ba a ƙarasa ba, ya faɗi abin da ya jefa da bakinsa, ya faɗi cewa duk da haka zai shiga, da dalilinsa, ya kuma tsaya a tambaye shi har masu tambaya su gaji.

Ni na ga abin da yake cikin wannan, Shugaba ma ya gani. In ya ce A'a ya jefa, mai yiwuwa masu kiransa su rufe ƙofa. In ya ce zai shiga, mai yiwuwa 'yan A'a su sauke shi a taro. Yana iya rasa duka biyun a yini ɗaya. Ya ce ya yarda.

Isufu ya ce, "To sha." Na miƙa hannu in sake ɗumamawa, ya ce a'a, yadda take. Shugaba ya shanye ta da sanyinta da ɗacinta, ya girgiza finjalin.

Da muka koma Balad muka biya ta shagon Alhaji Gambo, Shugaba ya faɗa masa duk yadda aka yi. Gambo bai ji daɗin batun A'a ba, ya ce wannan zai iya ɓata shigar, amma ya ce shi dai ya sha tasa, yana nan yana jira. Hajiya kuwa ta ce a bar ta ta zauna, ƙafafunta ba za su ɗauki labarin Ilu ya faɗi magana ɗaya ba. Ranar tafiya ta ba mu dabino da buta ɗaya ta gahawa, ta ce a kai ofishin jam'iyya. Dawowarmu ba ta da labari, sai dai ma'aikacin Ɗan Barto ba ya bakin aiki, aka buga mana hatimi ba tambaya.

Abin da ya faru ke nan, ba a sayar da komai a kan faranti ba. Ban san yadda za ta kaya ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani ƙarya yake yi. Ga roƙona. Kasuwar Rijiyar Kuka ranar Alhamis take ci, kuma wannan Alhamis mai zuwa Shugaba zai je. Ɗan Eh ne kai ko ɗan A'a, ka zo. Mai babur ya ɗauko dattijo, kowa ya zo da tabarmarsa. Ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa kafin ku fara taku, tambaya kuma ɗaya bayan ɗaya, ni zan tsaya a kan wannan. In an tashi, duk mai ɗan'uwa a Jidda ya kira shi ya faɗa masa abin da kunnensa ya ji, ba ƙari ba ragi, domin Isufu ba zai samu izinin zuwa ba, yana can bakin ƙofa yana jiran waya.